Tafiyar da Nonye Ba Ta Yi Ba

Ni da Nonye gida ɗaya muka tashi, wani tsohon gidan haya mai ɗakuna a jere a Sabon Garin Zariya, ƙofarmu na kallon tasu, rijiya a tsakani. Sunana Hephzibah. Mahaifina, Baba Mordecai, malamin firamare ne har ya yi ritaya, kuma dattijo ne a cocinmu. Mahaifin Nonye kuwa, Oga Ejike, Ibo ne mai gyaran firij da fanka, shagonsa na Samaru, a layin da ɗaliban jami'a suka fi kama ɗakunan haya. Tun yana matashi aka kawo shi Zariya koyon sana'a wurin wani ɗan garinsu. Ubangidan ya tsufa ya tattara ya koma kudu, shi ya zauna. Ya iya Hausa har da karin magana, sai dai har ya bar duniya bai raba "ka" da "ki" ba. Kowa "ka" ne a bakinsa, har 'yarsa.

Matarsa, Mama Lucia, 'yar kudancin Kaduna ce daga wajen Zonkwa, tana sayar da waken suya da citta a kasuwar Sabon Gari. Danginsa ba su so auren ba, don sun riga sun zaɓa masa yarinya a gida, kuma ba wanda ya zo daga can ranar biki. Sau ɗaya ya kai ta garinsu da jaririya a goye, aka karɓe ta a tsaitsaye, ta dawo ba ta ƙara ambaton tafiyar ba. Nonye kaɗai Allah ya ba su. Da Hausa ta buɗe baki, Turanci ta same shi a makaranta, Ibo kuwa abin da ta iya bai wuce gaisuwa da sunayen abinci da zagi biyu uku da take ji in uban ya fusata da wani injin firij ba.

Muna ƙaramar sakandare Mama Lucia ta rasu bayan doguwar jinya. Oga Ejike ya aika gida. Amsar da ta dawo ita ce, tunda bai nemi shawararsu ba da zai auro ta, kada ya neme su wajen binne ta. Aka binne ta a maƙabartar Kiristoci a nan Zariya. Ina tsaye kusa da mahaifina lokacin da Oga Ejike ya kama hannunsa a bakin kabarin ya ce, "Malam, in nawa ya zo, nan gefe za ka sa ni. Kada kowa ya ɗauke ni ya kai ni ko'ina."

Tun daga ranar bai sake taka garinsu ba. Ko da mahaifiyarsa ta rasu bayan wasu shekaru, aike ya yi, bai je ba. Ya daina zuwa taron ƙungiyar 'yan garinsu da ake yi a Sabon Gari. Ya rage daga shago sai coci sai 'yarsa. Shi yake yi mata girki, shi yake kai ta kitso, kuma miyar kuka da ya koya wurin mahaifiyata ta fi ta mata da yawa a gidan nan.

Nonye yarinya ce mai gardama. Ba ta da faɗa, amma ba a yi mata magana ta wuce ba ta tambayi dalili ba. Mai keke ya ƙara mata kuɗin mota, sai ta tsaya ta ji hujjarsa. Mai gidan hayarmu ya ce a daina shanya a igiyar tsakar gida, ita ce ta je ta same shi, tana 'yar shekara goma sha wani abu, ta tambaye shi inda yake so a kai kayan. Tun lokacin uban yake kiran ta Barista, 'yan gida suka kama. Don haka ba wanda ya yi mamaki da ta sami gurbin karatun lauya a jami'a. Ni kwalejin horon malamai na tafi. Laccocinta a harabar jami'ar da ke unguwar Kongo ake yi, amma kusan kullum in ta tashi sai ta hau bas zuwa Samaru, ta zauna a kan wata matacciyar firiza da ke ƙofar shagon ubanta tana karatu, shi yana ciki yana fama da wayoyi, da yamma su dawo gida tare.

Tana aji huɗu, wajen watan Maris ana tsakiyar zafi, wata malamarsu mai suna Dakta Busola ta sanar a aji cewa wata makarantar koyon shari'a a ƙasar Holan za ta karɓi ɗalibai biyu daga sashensu, su je su yi zangon karatu ɗaya a can a matsayin baƙi, daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, su dawo su ƙarasa a gida. Makarantar ce za ta ɗauki nauyin jirgi da masauki. Abin da ake nema shi ne sakamako mai kyau, da wasiƙar malamai biyu da suka san ɗalibi, da rubutu na kansa a kan wata matsalar shari'a da ya gani da idonsa, sannan a yi hira da shi ta kwamfuta. Bayan aji Dakta Busola ta kira Nonye gefe ta ce mata ta nema.

Na tuna yadda ta shigo gida ranar, ba ta ko cire takalmi ba ta same ni ina wanke shinkafa a bakin rijiya. Ba ta taɓa wuce Abuja ba. Ta ce ta duba hotunan makarantar a waya, ɗakin karatunsu kaɗai ya kai girman kasuwar kifi, kuma an ce ba a ɗauke wuta. Muka yi ta dariya.

Rubutun ne ya fi cin ranta. Ta fara a kan 'yancin ɗan'adam, irin abin da kowa zai rubuta, Dakta Busola ta karanta ta mayar mata ta ce wannan ko a Holan ɗin ma akwai masu rubuta shi, ta rubuta abin da ba su da shi. Sai ta koma kasuwar Sabon Gari, layin da mahaifiyarta ta yi zama. Ta bi shugabannin layi tana tambayar su yadda suke raba rigima in ta haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo a kan rumfa ko kaya da suka lalace, ba tare da an je kotu ba. Tsofaffin ƙawayen Mama Lucia suka buɗe mata baki, wasu na ba ta labari suna hawaye don ta yi kama da uwar. Abin da ta rubuta ke nan. A wani shagon kwamfuta a Samaru ta buga shi, ta yi ta zirga-zirga a ofisoshin babbar harabar jami'a har ta karɓo takardar sakamakonta, ta tura komai kafin ranar rufewa. Da sunayen waɗanda za a yi hira da su suka fito, nata na ciki, tare da gargaɗin cewa kowa ya tanadi fasfo kafin a yanke hukunci.

A nan abin ya tsaya. Fasfo na buƙatar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ɗalibai ke kira indijin. Lokacin da za ta shiga jami'a wata wasiƙa da wani abokin ubanta ya samo mata ce ta yi amfani da ita aka wuce wurin, amma wannan karon an ce sai ta ainihi. Ta je ofishin da take ganin nan ne nata, tunda a Sabon Gari aka yanke mata cibiya. Ma'aikacin ya saurare ta cikin mutunci, ya yaba Hausarta, ya ce haihuwa daban asali daban. Ta hau mota ta je garin mahaifiyarta, kawunnanta suka raka ta, can ma aka ce ɗa uba yake bi. Ta kira ƙaramar hukumar ubanta a waya ta hannun wani, aka ce ba sa bayarwa sai da sa hannun sarkin ƙauyen da ya san gidan.

Ta san abin da wannan ke nufi, don haka ba ta gaya wa uban ba. Ni ta gaya wa cewa ta haƙura, Holan ba aljanna ba ce, wata dama za ta zo. Amma a gidan haya magana ba ta ɓuya. Ta bakin mahaifiyata Oga Ejike ya ji. Ranar Lahadi bayan an taso coci ya kira ta ɗaki, ya tambaye ta me ya sa ta ɓoye masa. Ta ce ba ta so ya je ya sunkuyar da kai gaban mutanen da suka ƙi uwarta.

Ya ce, "Ka bar wannan a hannuna. Kai dai ka yi karatunka."

Ta roƙe shi. Ta tuna masa hawan jininsa da nisan hanya. Ta ce in ya je ma ba za ta karɓi takardar ba. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce ta goge masa farar rigarsa ta zuwa coci. Bayan Ista ya rufe shago, muka raka shi tashar manyan motocin kudu, da 'yar jaka da buhun albasa da ya saya tsaraba.

Ya ce kwana huɗu zai yi, ya yi kusan mako biyu. In ta kira shi sai ya ce lafiya lau, ana kan magana. Ya dawo ya rame, idanunsa sun faɗa, ya kawo doya da manja da takardar a cikin leda, ya miƙa mata yana murmushi. Ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce 'yan'uwa ai 'yan'uwa ne, an yi faɗa an shirya. Daga nan bai ƙara ba. Mun lura dai ya koma zuwa taron 'yan garinsu, kuma wani yayansa mai suna Obi ya fara kiran sa a waya, su daɗe suna magana da yarensu.

Hirar a ofishin Dakta Busola aka yi ta, da janareta a kunne don kada wuta ta yanke. Nonye ta ce Turawa biyu ne, mace da namiji, kuma macen ta fi minti goma tana tambayar ta a kan shugabar masu kifi da yadda take sa manyan maza su ba juna haƙuri. A watan Yuni saƙo ya zo an ɗauke ta.

Ban taɓa ganin Oga Ejike cikin farin ciki irin na lokacin ba. Duk ɗalibin da ya kawo masa hita ko fanka sai ya ji cewa Barista za ta ƙasar Turawa. Masu keke na layin, da mai shayi, da mai faci, kowa ya sani. Ya je wurin 'yan gwanjo ya zaɓo mata wata ƙatuwar rigar sanyi mai ruwan toka da ta kai mata har gwiwa, ya sa ta saka a tsakar gida ana zufa, mata na tafi suna guɗa. Ya ce in ta je ta duba masa irin firij ɗin da suke amfani da shi, ko a ƙasar da ake ƙanƙara ma ana buƙatar mai gyara. Ta je Abuja ta yi biza, aka sa mata ranar tashi a farkon Satumba.

A tsakiyar Agusta, wata safiya ana yayyafi, ya faɗi a shago. Mai shayin da ke kusa ne ya ji ƙarar kayan aiki sun zube, ya leƙa ya same shi a ƙasa, bakinsa ya karkace. Aka sa shi a keke napep zuwa asibiti. Nonye na Kongo aka kira ta. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a kansa. Ya yi 'yan kwanaki bai yi magana ba, ido kawai yake bin ta da shi, hannunsa mai lafiya riƙe da nata. Da hantsin wata Alhamis ya cika, ni da mahaifiyata muna wurin.

Mahaifina bai ɓata lokaci ba. Ya je ya ga masu kula da maƙabarta, aka tabbatar masa wurin da ke gefen Mama Lucia na nan, coci ta sa ranar jana'iza. Aka kira Obi aka sanar da shi don girmamawa. Ya ce kada a taɓa komai sai ya zo. Bayan kwana biyu ya iso da shugabannin ƙungiyar garinsu na Sabon Gari, aka jera kujerun roba a tsakar gidanmu. Tsoho ne mai furfura, dogo kamar ƙanin nasa, har tafiyarsu iri ɗaya, abin da ya sa Nonye ta kau da kai da ya shigo. Ba ya jin Hausa, sai ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ke fassara wa su mahaifina. Ya ce sun zo ɗaukar ɗan'uwansu su kai shi gida.

Nonye ta miƙe. Ba al'adarsu ba ce mace ta yi magana a irin wannan zama, amma ba wanda ya hana ta. Ta yi magana a natse da Turanci, kamar a gaban alƙali. Ta ce mahaifinta ya faɗi inda yake so a binne shi a gaban shaidu, ga ɗaya daga cikinsu nan zaune. Ta ce ya yi shekara arba'in a Zariya, nan ya yi aure, nan ya binne matarsa shi kaɗai lokacin da ya nemi dangi bai samu ba. Ta ce ita ce 'yarsa tilo, kuma in ta kama a je kotu za ta je.

Obi ya bar ta ta kai aya. Bai yi fushi ba. Ya share fuska da hankici ya ce abin da aka yi wa mahaifiyarta ba daidai ba ne, kuma da bakinsa a ciki, ba zai musa ba. Sannan ya ce, "'Yata, da ya zo neman takardarki, sarkinmu ya ce bai san shi ba. Mutumin da bai zo binne uwarsa ba, wa zai tsaya masa? Sai aka tara dangi a gidan ubanmu. Ya durƙusa ya roƙi gafara, mu ma muka roƙe shi. Dattawa suka yi masa tambaya ɗaya, shi na nan ne ko na can. In na nan ne, to nan zai kwanta kusa da ubansa, 'yarsa kuma tamu ce, a sa mata hannu. Ya duƙar da kai. Da ya ɗago ya ce shi na nan ne. Ya ci goron da aka fasa a gaban kowa. Ba mu ɗaure shi ba."

Nonye ta juya ta dubi mahaifina, tana jiran ya ƙaryata. Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ya ce bayan dawowar Oga Ejike daga kudu, wata rana suna tafiya coci, ya ce masa maganar nan da ya yi a maƙabarta a bar ta tukuna, zai yi masa bayani. Shi ya ɗauka hira ce, bai bi ba, bayanin kuma bai zo ba.

Ita da ta karanta shari'a ta fi kowa sanin cewa in mutum ya yi magana biyu a kan abu ɗaya, ta ƙarshen ce ke tsayawa. Ta tsaya kamar za ta ƙara cewa wani abu, sai ta koma ta zauna.

Aka ɗauki gawar zuwa mutuware a can kudu, aka sa ranar binnewa a tsakiyar Oktoba. Mahaifina ya roƙi a matso da ita kafin Satumba, suka ce ba zai yiwu ba, sai an gyara ɗakinsa da ya rushe a gidan ubansu, an sanar da dangi na nesa da surukai. Ya roƙi a ɗaga zuwa Janairu, suka ce cocin garinsu ba ta yarda gawa ta daɗe haka a ajiye. Kuma a wurinsu babbar 'ya mace tana da ayyukan da ba mai yi mata a jana'izar uba.

Dakta Busola ta rubuta wa makarantar da kanta. Amsar ta zo da ta'aziyya mai kyau. Sun ce za su iya jiran ta mako ɗaya ko biyu, amma ba za su iya ɗaga gurbin zuwa wata shekara ba, tunda lokacin ta gama digiri, shirin kuwa na ɗalibai ne. Zuwa ta dawo jana'iza ta sake komawa kuma ba ya cikin tanadinsu, ita ma ba ta da halinsa. Malamar ta zo har gidanmu ta zauna a bakin gadon Nonye ta ce mata ta tafi, abin da marigayin yake so ke nan. Mahaifina ma haka ya ce, har ya yi alkawarin zai je kudu ya tsaya a madadinta. Kawunnanta na Zonkwa suka ce mutanen da suka ƙi uwarta ba su cancanci ta rasa komai dominsu ba.

Ana saura 'yan kwanaki ranar tashinta na raka ta Samaru kwashe kayan shago, don mai wurin ya sami wani ɗan haya. Muna ta ware fankoki da hitocin mutane da ba a karɓa ba, kowanne da sunan mai shi a jikin salatif da rubutun uban. Ta ɗauki wata tukunyar lantarki ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta ce mini, "Hephzibah, da kabarinsa ya saya mini tafiyar nan. In na tafi, za a sa shi a ƙasa babu nasa ko ɗaya a wurin. In ban tafi ba, ya bar gefen Mama a banza. Gaya mini wanne ne daidai."

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.

Ta ce, "Ya tafi can shi kaɗai sau ɗaya saboda ni. Ba zan bari ya sake ba."

Washegari ta rubuta ta janye. Aka ba wani ɗan ajinsu da ke biye da ita a jerin sunaye, yaro mai kirki, ya zo ya yi mata gaisuwa yana ta jin nauyi kamar shi ya yi laifi. Ita ce ma ta ba shi rigar sanyin, ta ce an ce can iska ba ta da imani.

Ni da mahaifina muka raka ta jana'izar. Ƙauye ne mai jar ƙasa da itatuwan kwakwa, gidan kakanta a kan gangare. An yi taro babba, da makaɗa da runfuna da mutanen da rabonsu da marigayin tun yana yaro. Aka ɗaura mata zane, aka ba ta hotonsa ta riƙe, matan dangi suka sa ta a gaba suna zagaya gari da waƙoƙin da ba ta san ma'anarsu ba. Wasu na yi mata magana ta kasa amsawa, sai su juya su yi ƙus-ƙus, muna jin kalmar "Hausa" na fita a bakinsu. Wata tsohuwa dai, ƙanwar kakarta, ta kama fuskarta da hannu biyu ta yi ta kuka tana faɗin abin da aka fassara mana da cewa goshin ɗansu ne. A cikin gidan aka binne shi, bayan ɗakin da aka gyara. Nonye ba ta yi kuka a gaban mutane ba sai da aka miƙa mata ƙasa ta zuba. A nan ta durƙushe, ta yi ta kiran sa da Hausa, tana ce masa ya yafe mata, ba wanda ya gane abin da take faɗi sai mu biyu.

Da muka dawo ta yi kusan wata ba ta shiga aji ba. Ɗan ajin nasu yakan turo hotuna a zauren wayarsu, ga kekuna a bakin ruwa, ga ɗakin karatun nan, ta fita daga zauren. Dakta Busola ce ta matsa mata har ta koma. Ta gama da sakamako mai kyau, ba irin wanda aka sa mata rai da shi ba, ta yi makarantar lauyoyi, ta yi bautar ƙasa, ta dawo Zariya. Malamar ta sha turo mata sanarwar guraben digiri na biyu a waje. Takan yi godiya, ba ta cike ko ɗaya ba. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce duk lokacin da ta buɗe irin shafin nan sai ubanta ya faɗo mata a rai, ta rufe.

Yanzu tana aiki a ofishin wani tsohon lauya a Sabon Gari, yawanci rigimar haya da ta gado. Ta bar gidanmu ta kama ɗaki biyu a Dogarawa. Gardamar nan tata ta ragu, ta zama mai yawan shiru, sai a kotu ake jin muryarta. Shekara biyu da suka wuce Obi ya rasu, ta je, ta daɗe a can fiye da yadda na zata. Da za ta dawo ta taho da autarsa, Amara, wadda ta sami gurbin karatun jinya a nan kuma ba ta san kowa a arewa ba. Mahaifiyata ta yi mamaki, ta ce 'yar mutumin da ya yi mata wannan za ta riƙe. Nonye ta ce yarinyar ba ta nan lokacin da aka yi.

Ranar Asabar da ta wuce na je wurinsu da ɗana. Na same su a ƙofar gida suna tsinke alayyafo, Amara na ba da labarin wata mara lafiya da ta yi ta yi mata bayani da Hausa ita kuma tana ta gyaɗa kai ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Nonye ta yi dariya kaɗan, ta tashi ta ɗora mana ruwan shayi. Ta ce ranar Litinin tana da shari'a a Kaduna, sammako za ta yi, in na sami hali in leƙo yarinyar da yamma.